Fadamun Jega, Aliero da Maiyama: Yadda za a rage iskar da ke ɗumama duniya ba tare da rage amfanin gona ba

Wanda ya taso daga Sakkwato ya nufi Yawuri a watan Janairu ko Fabrairu, idan ya iso Aliero, ya ratsa Jega, ya gangara Maiyama, zai ga koren albasa da shinkafa a tsakiyar rani, ya kuma ji ƙugin injinan ban ruwa daga cikin fadama. Waɗannan ƙananan hukumomi uku na masarautar Gwandu a Jihar Kebbi suna cikin wuraren da noma ba ya tsayawa da ɗaukewar damina. Da rani ana noma albasa, shinkafa, tattasai, tumatir da kankana. Da damina kuma gero, dawa, wake da gyaɗa a tudu, shinkafa a kwari.

Wannan noma yana fitar da iskar da ke ɗumama duniya, kuma Najeriya ta yi alkawarin rage ta a gaban ƙasashen duniya. Tambayar da ke gaban manomi da hukuma ita ce ko za a iya cika alkawarin ba tare da buhunan da ake girbewa sun ragu ba. Binciken masana noma ya nuna ana iyawa, domin mafi yawan iskar da gona ke fitarwa tana fitowa ne daga abin da manomi ya saya da kuɗinsa bai amfane shi ba: takin da ya bi iska, man da aka ƙona wajen zuba ruwan da shuka ba ta buƙata, da albasar da ta ruɓe kafin ta kai kasuwa.

Yadda noman yankin ya sauya

A da, da jigo ake ban ruwa a lambu, kuma ƙarfin mutum shi ne iyakar faɗin gonarsa. Daga farkon shekarun 1990, shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa wa ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injinan fetur a fadamun Arewa, ciki har da fadamar Gulbin Zamfara da ta ratsa Jega. Babban sauyi na biyu ya zo a watan Nuwamba 2015, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Kebbi. Shinkafar rani ta bunƙasa, manyan masana'antun casa suka kafu a Birnin Kebbi da Argungu, sunan jihar ya zama kusan ɗaya da shinkafa. Aliero kuwa ta daɗe da shahara da albasa, wadda ake lodinta zuwa kudancin ƙasar da maƙwabta.

Bunƙasar ta zo da ƙarin taki, ƙarin mai, da ƙarin kwanakin da ƙasa ke yi a jiƙe. Daga waɗannan ukun iskar take fitowa.

Iskoki uku da gona ke fitarwa

Ta farko ita ce iskar kabon, wadda ke fitowa idan aka ƙona fetur, gas ko itace, ko aka sare daji aka mayar da shi gona. Litar fetur ɗaya tana fitar da kusan kilo 2.3 na kabon. Da ita ake auna sauran.

Ta biyu ita ce metan. Idan ruwa ya kwanta a kan gonar shinkafa kwana da kwanaki, iskar shaƙa tana ƙarewa a cikin laka. Daga nan wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani sai su shiga ruɓar da kara da saiwoyi, suna fitar da metan, ita kuma ta bi ta cikin jikin shinkafar ta fita sama. Haka kuma tana fitowa daga tumbin shanu, tumaki da awaki ta hanyar gyatsa. Kilo ɗaya na metan yana ɗumama duniya kamar kilo 27 na kabon a tsawon shekara 100, amma ba ta wuce kimanin shekara 12 a sararin sama, shi ya sa rage ta ke saurin nuna tasiri. Wani rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya ƙiyasta cewa dabbobi ne ke fitar da kashi 32 cikin ɗari na metan da ayyukan ɗan'adam ke haifarwa, shinkafa kuma kashi 8.

Ta uku ita ce iskar naitiros, wadda ke fitowa daga sinadarin naitirojin na cikin taki idan ya fi ƙarfin abin da shuka za ta iya sha. Ba ta da yawa, amma kilo ɗaya nata daidai yake da kilo 273 na kabon, kuma tana haura shekara 100 kafin ta gushe.

Alkawarin Najeriya da batun adalci

A taron sauyin yanayi na Gilasgo a watan Nuwamba 2021, Najeriya ta yi alkawarin kaiwa matsayin da iskar da take fitarwa ba za ta wuce wadda take iya shanyewa ba nan da 2060. A wannan watan aka sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi. A shirin da ta miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya a shekarar, ƙasar ta ce za ta rage kashi 20 cikin ɗari da kanta nan da 2030, ko kashi 47 idan ta samu tallafi daga waje. Tun a 2019 gwamnatin tarayya ta amince da wani shiri da ya tanadi cewa nan da 2030 rabin filayen shinkafa za su koma tsarin ban ruwa da hutu, a kuma rage ƙona karan gona da rabi.

Sai dai akwai gaskiyar da ba za a tsallake ba. Nahiyar Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da kashi 4 cikin ɗari na kabon ɗin da duniya ke fitarwa daga ƙona mai, gas da gawayin ƙasa. Manomin Afirka kudu da Sahara, a matsakaici, ba ya zuba ko kilo 25 na sinadarin taki a hekta, alhali matsakaicin duniya ya haura kilo 100. Shugabannin Afirka da suka taru a Abuja a 2006 sun sa burin kaiwa kilo 50, kuma har yanzu yawancin ƙasashen ba su kai ba. A lokaci guda, manoman Kebbi suna sahun gaba wajen ɗanɗana kuɗar sauyin yanayi. Ambaliyar 2020 ta shanye abin da aka ƙiyasta ya kai hekta 450,000 na shinkafa a jihar, kuma Jega da Maiyama suna cikin wuraren da ta shafa.

Don haka duk tsarin da zai ce wa manomin Maiyama ya rage noma domin ceton duniya, zalunci ne, kuma ba zai karɓu ba. Ma'aunin da ya dace shi ne yawan iskar da kowane buhu ya jawo. Idan hekta biyu suka fitar da iska daidai da juna, ɗaya ta ba da tan 3 na shinkafa ɗaya ta ba da tan 5, buhun ta biyu ya fi na farko tsabta da kashi 40 cikin ɗari. Gonar da ke ba da amfani mai yawa kuma tana rage buƙatar sare sabon daji.

Ruwa: shinkafa ba ta buƙatar kwana a tafki

Shinkafa tana jure kwanciyar ruwa, amma ba dole ba ne ta zauna a cikinsa daga dashe har girbi. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato IPCC, ya ƙiyasta cewa hekta ɗaya da ruwa ke kwance a kanta kullum tana fitar da kusan kilo 1.2 na metan a rana. A kwana 100 ya zama kilo 120, daidai da fiye da tan 3 na kabon. Idan ana barin ƙasar ta sha iska lokaci-lokaci, adadin yana raguwa da kusan kashi 45 cikin ɗari.

Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya, IRRI, da ke Filifin ta tsara hanya mai sauƙi ta yin haka. Ana samun bututun roba mai faɗi, tsawonsa santimita 30, a huda rabinsa na ƙasa da ƙananan ramuka, a kafa shi a cikin fangali, a kwashe lakar da ke ciki. Daga mako biyu bayan dashe, manomi yana zuba ruwa ya kai kimanin santimita 5 a kan ƙasa, sannan ya dakata. Ba zai sake kunna inji ba sai ruwan cikin bututun ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa. Ko da saman fangalin ya bushe, saiwar tana cikin danshi. Lokaci ɗaya ne ba a wasa da shi: daga mako guda kafin shinkafa ta yi fure zuwa mako guda bayansa, dole ruwa ya kwanta. Idan an bi ƙa'idar, ana iya rage ruwa har kashi 30 cikin ɗari ba tare da amfani ya ragu ba.

Ga manomin Jega da ke jawo ruwa da inji, rage ruwa yana nufin rage mai, kuma shi ke da iko da ruwansa, ba ya jiran a buɗe masa madatsa. Amma tsarin yana da iyaka. Yana aiki ne a noman rani, domin shinkafar damina da gulbi ya malale babu mai iya zare mata ruwa. Yana buƙatar fangali mai daidaito, in ba haka ba wani ɓangare zai ƙone wani yana cikin ruwa. Ciyawa tana ƙaruwa idan ƙasa ta bushe. A gonar da ƙasarta ke da yashi, inda ruwa ba ya daɗewa tun asali, metan ɗin da za a rage bai kai na ƙasa mai laka ba. Haka kuma jiƙewa da bushewa na iya ƙara iskar naitiros idan an cika taki, don haka gyaran ban ruwa tare yake tafiya da gyaran zuba taki.

Taki: buhun yuriya da abin da ke cikinsa

Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin. A lissafin IPCC, kusan kashi 1 cikin ɗari na naitirojin da aka zuba a gonar da ba ta kwance cikin ruwa yana fita a matsayin iskar naitiros. Idan aka haɗa da kabon ɗin da yuriyar ke saki yayin narkewa, buhu ɗaya a gonar albasa ko masara yana jawo kusan kilo 135 na kabon, kwatankwacin ƙona lita 60 na fetur. Wannan bai haɗa da gas ɗin da aka ƙona wajen sarrafa ta a masana'anta ba.

Asarar da ta fi taɓa aljihu ta fi wannan girma. Idan aka watsa yuriya a kan ruwa ko a kan busasshiyar ƙasa cikin zafin rana, sau da yawa shinkafa ba ta cin ko rabin naitirojin ɗin. Saura ya bi iska ko ya bi ruwa zuwa ƙarƙashin ƙasa. Maganin shi ne a raba takin kashi biyu ko uku daidai da girman shuka, a zuba shi cikin ƙasa mai danshi, a rufe. Akwai kuma dunƙulalliyar yuriya, wadda cibiyar binciken taki ta IFDC ta yaɗa a Bangaladash kafin a kawo ta jihohin shinkafa na Najeriya. Ana cusa dunƙule ɗaya a zurfin santimita 7 zuwa 10 tsakanin gindi huɗu, kimanin mako guda bayan dashe, sau ɗaya tak a kaka. Tana rage yuriyar da ake buƙata da kusan kashi ɗaya cikin uku, amfani kuma ya ƙaru. Sharaɗinta shi ne dashe a jere, kuma tana cin aikin hannu.

A tudu matsalar ta juya: gero da dawa yunwar taki suke yi. A can ƙara taki kaɗan shi ne daidai. Cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta nuna cewa cikin murfin kwalba ɗaya na kamfa, kimanin giram 6, a kowane rami lokacin shuka yana ɗaga amfanin gero sosai. Haɗa hatsi da wake ko gyaɗa, waɗanda ke jawo naitirojin daga iska su bar shi a ƙasa, da kai takin gida gona, dabaru ne da manoman yankin suka gada.

Mai da hasken rana

Kafin cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ba ta kai naira 200 a farashin hukuma ba. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Wasu manoman rani sun rage gonakinsu, wasu sun mayar da injinansu masu amfani da gas ɗin girki, wasu kuma sun koma ga injin hasken rana, wanda gwamnatin jihar ma ta raba wa manoma. Manomin da ke ƙona lita 300 a kaka, alal misali, idan ya koma hasken rana ya kawar da kusan kilo 700 na kabon.

Amma nan akwai tarko. Tsadar mai ita ce ke sa manomi ya kashe inji. Idan ruwa ya zama kyauta daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, babu abin da zai hana shi barin fangali cike, metan ya ƙaru, taki ya wanke, ruwan ƙarƙashin fadama ya ja baya. Shi ya sa raba injin hasken rana ba tare da koyar da auna ruwa ba zai iya gyara ɓaraka ɗaya ya buɗe wata.

Kara, dabbobi da bishiyoyi

Ƙona karan shinkafa bayan girbi yana sakin hayaƙi mai cutar da huhu, yana kuma cinye naitirojin da ke cikin karan. Binne shi dab da sakin ruwa shi ma yana ƙara metan. Abin da ya fi shi ne a juya shi cikin ƙasa fiye da wata guda kafin a jiƙa gonar, ko a yi takin gargajiya da shi, ko a ba dabbobi. Idan aka jiƙa kilo 100 na kara da ruwan da aka narka kilo 4 na yuriya, aka rufe shi ruf na mako uku, yana zama abincin da shanu ke narkarwa da sauƙi. Dabbar da ke cin abinci mai kyau tana saurin ƙiba, don haka metan ɗin da kowane kilo na nama ya jawo yana raguwa. Tsohuwar yarjejeniyar manomi da makiyayi, wadda shanu ke cin kara su bar kashi a gona, tana cikin wannan lissafin.

A tudu, bishiya ce ma'ajiyar kabon mafi araha. A yankin Maraɗi na Nijar, tun daga 1983, manoma suka koma barin kututture ya tofo su gyara rassansa maimakon tumɓuke shi, abin da ake kira sassaben zamani. An ƙiyasta cewa dabarar ta dawo da bishiyoyi kusan miliyan 200 a hekta miliyan 5. Gawo ya fi dacewa da gona, domin da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya zama taki.

Albasar da ta ruɓe

Albasa ba ta kwana a ruwa, saboda haka metan ba shi ne matsalarta ba. Matsalarta ajiya ce. Ana girbe ta da yawa a lokaci ɗaya, farashi ya faɗi, manomi ya zuba ta a rudu yana jiran tsada, zafi da danshi su cinye kaso mai yawa. Kowane buhun da ya ruɓe ya tafi da man da aka ƙona da takin da aka zuba dominsa. A duniya, abincin da ke lalacewa ko ake zubarwa yana jawo kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari na dukan iskar da ke ɗumama yanayi.

Gyaran yana farawa tun a gona. Yuriyar da aka zuba a makare tana sa albasa ta yi kaurin wuya da yawan ruwa, kuma irin wannan ba ta ajiyuwa. Dakatar da ban ruwa kamar mako biyu kafin girbi, shanya ta a inuwa har wuyan ya bushe, ware mai rauni, da ajiye ta a kan dandamalin da iska ke ratsawa ta ƙasa, duk suna tsawaita kwananta. A nan rage taki da ruwa kai tsaye yake ƙara abin da zai kai kasuwa.

Kuɗin kabon

Akwai kamfanonin da ke biyan manoma a wasu ƙasashe domin metan ɗin da suka rage, su sayar da shaidar ragin ga masu manyan masana'antu. Kasuwar ba ta rasa maguɗi. A 2024 Verra, ɗaya daga cikin manyan hukumomin da ke tantance irin wannan shaida, ta yi watsi da ayyukan shinkafa 37 a Sin saboda ba su cika ƙa'idojinta ba. Ƙungiyar manoman da aka kawo wa irin wannan tayi tana da haƙƙin sanin wanda zai auna, nawa ake sayar da tan ɗaya, kaso nawa zai iso hannun manomi, da tsawon shekarun da yarjejeniyar za ta ɗaure gonarsa.

Abin da ya rataya a wuyan hukuma

Yawancin waɗannan dabaru ba su da tsada, ilimi da bibiya suke buƙata. Manomin da ya ci bashi ya yi dashe ba zai bar fangalinsa ya bushe don an faɗa a rediyo ba, sai ya ga maƙwabcinsa ya yi ya girbe lafiya. Gani ya kori ji. Wannan aikin malaman gona ne na hukumar raya noma ta jihar, KARDA, da jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar da ke Aliero, wadda ke da gonar bincike a fadamar Jega. Ita ce ta fi cancanta ta auna ainihin metan da naitiros da ƙasar yankin ke fitarwa, domin alƙaluman IPCC matsakaici ne na duniya. Akwai kuma shirin ACReSAL na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a ƙarshen 2021 domin farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma Kebbi tana ciki.

Mai bibiyar kasafin kuɗin jiha ko na ƙaramar hukuma yana da tambayoyin da amsarsu alƙaluma ce. Malaman gona nawa ne ke aiki a Jega, Aliero da Maiyama, kuma yaushe aka ɗauki na ƙarshe? Cikin injinan hasken rana da aka raba, nawa ne ke aiki a gona, kuma wa ke gyara su idan sun lalace? Nawa aka ware wa ma'ajiyar albasa idan aka kwatanta da abin da ake kashewa wajen rabon taki? Hekta nawa na shinkafar rani suka koma ban ruwa da hutu tun 2019, kuma wa ya ƙirga? Wa'adin da gwamnatin tarayya ta ɗibar wa kanta na mayar da rabin filayen shinkafa ga wannan tsari shi ne 2030.